Totuwar Kara a Cikin Na'urar Baba

Ni mutum ne da ba na son gyaran jeka-na-yi-ka. Na daɗe ina gyaran waya da rediyo a wani ɗan shago kusa da tashar Birnin Gwari, kuma babu abin da ke ɓata min rai irin in buɗe kaya in tarar wani ya riga ni shiga da cingam, ko tsinken ashana, ko takardar sigari. In na ga haka sai in yi tsaki, in kwashe, in goge wurin tas kafin in fara nawa aikin. Mai ɗakina takan ce da ina share tsakar gida yadda nake share cikin rediyon mutane, da ta huta. Da wannan halin na tunkari na'urar wasan Baba, ana gab da faɗuwar damina.

Baba manomi ne. A Tabanni aka haife shi, a can ya tsufa, kuma da son ransa ne a can za a binne shi. Mu muka ɗauko shi muka dawo da shi cikin gari lokacin da 'yan bindiga suka mai da hanyar gona abin tsoro. Ya zo da jakar tufafi, da fartanyarsa, da ɗaurin zangarniyar dawa da ya zaɓa don iri, ya rataye ta a ƙusa a saman ƙofar ɗakinsa. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. In ya matsu ya ce "kai", in yana maganata da wani ya ce "mai shagon nan". Magana mai tsawo ba ta taɓa haɗa mu ba, sai dai ta bi ta bakin mai ɗakina.

Zaman gari bai karɓe shi ba. Ya rame, ya daina cin tuwo sosai, ya wuni a zaure yana kallon sama. Da hadari ya taso sai ka ga ya miƙe tsaye kamar an kira shi. An sha aiko min daga tasha cewa ga tsohonka nan yana tambayar mai zuwa Tabanni, in rufe shago in je in lallaso shi. Mun san waɗanda suka tafi duba gona ba su dawo ba, shi ma ya san su, wasu ma tare suka yi kaciya. Tsoron da nake kwana da shi nake tashi da shi ɗaya ne: wata rana in dawo gida in tarar ya tafi.

Maƙwabcinmu malamin makaranta ne, mutumin kudancin Kaduna, ya daɗe a garin har ya fi ni sanin lunguna. Wata yamma ya shigo zaure da wata 'yar na'urar wasa da 'ya'yansa suka bari da suka girma. Ba ta fi tafin hannu ba, ruwan toka, da ɗan gilashi a sama da maɓallai a ƙasa, ana cusa mata kaset ta baya. Ya ce wa Baba akwai gona a ciki.

Baba ya karɓa da yatsu biyu, ya kalla, ya ce, "Malam, wace irin gona ce wannan da ake ba ta ruwa da buta?"

Malam ya yi dariya ya nuna masa inda ake dannawa a yi huɗa, da inda ake dannawa a yi shuka. Baba ya ce shirme ne. Ya ce ba a taɓa yin ƙasar da za a shuka yau a girbe jibi ba, babu gara, babu tsuntsaye, babu shanun da za su shigo maka. Yana kushewa yana dannawa. Da aka kira magariba sai da aka taɓa shi.

Ba ya karanta Turancin da ke fitowa, amma babban yatsansa ya haddace komai. Ya raba filin gida biyu, ya ce wannan fadama ce, wannan tudu. Ya sayi saniya a ciki, ya ce babu Bafulatanin da zai yarda ya kora wannan abar, amma kullum sai ya ba ta ciyawa kafin ya karya kumallo. Malam in ya dawo daga makaranta yakan tsaya ya ce, "Baba, yaya amfanin gona?" Shi kuma ya amsa da gaske, ya ce tudu ya yi kyau, fadama ce ke ba shi wahala. Ya koma cin tuwo. Aike daga tasha ya ɗauke. Damina guda ta zo ta wuce yana zaune a bakin zaure, ni kuma ina shago hankalina kwance.

Abu biyu ne suka dame ni game da na'urar. Gilashinta ba shi da fitila, sai an karkata shi wajen haske ake gani, ga idon Baba yana raguwa. Yakan bi rana yana jan tabarma daga wannan gefe zuwa wancan. Sannan tana shan batir, kuma in hanyar Kaduna ta rufe batir yakan yi wuya a gari. Baba ya jera tsofaffin a kan kwano su sha rana, ya mayar, su yi ɗan aiki su mutu. Na ga cewa ni mai gyara ne, bai kamata ubana yana shanya batir kamar kuɓewa ba. Na yi saƙon sabon gilashi mai fitila daga Kaduna, na ware batirin waya mai kyau wanda za a riƙa cajinsa da solar shagona. Da kayan suka iso na karɓi na'urar da safe, na ce kafin azahar zan dawo da ita.

Bai so ba. Ya riƙe ta ɗan lokaci kafin ya sake, ya ce, "Lafiyarta ƙalau fa."

Na ce na sani, ƙara mata lafiya zan yi.

A shago na kwance ƙusoshin na buɗe ta. Abin da na tarar bai ba ni mamaki ba: ƙura, ɓurɓushin goro, da gawar tururuwa. A kusurwar sama, kusa da makunni, murfin ya ɗan tsage, kuma ta wannan tsagar wani ɗan farin abu ya shige ya lanƙwashe a kan koren allon da mu masu gyara muke kira inji. Na ɗago shi da hantsaki. Totuwa ce, farin nan mai laushi na cikin karan dawa. Na yi tsaki na ƙyasta ta ƙasa. Na bi injin da burushi da sifirit har ya yi ƙyalli, na cire tsohon gilashi, na sa sabo, na jona batirin waya da ɗan abin da ke daidaita wuta, na ɗiga dalma inda ya kamata. Aiki ya yi kyau, ni kaina na yaba. Na rufe, na tura makunni.

Shiru. Ko jar fitilar nan ƙarama ba ta kama ba.

Ban damu ba da farko. Na san irin wannan, yawanci igiyar gilashi ce ba ta zauna daidai ba. Na buɗe na gyara mata zama. Shiru. Na sa mita a kan batir, wuta cike. Na auna bayan abin daidaita wuta, tana fita daidai yadda na'urar ke so. Na duba fiyus, lafiya lau. Na zare kaset na goge bakinsa na mayar. Na duba ko na juya wayoyi, ja a wurin baƙi, ban juya ba. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Mutane suna kawo wayoyinsu ina amsa musu sama-sama, har wata tsohuwa ta tambaye ni ko an yi min rasuwa ne.

Da na koma gida hannu rabbana, Baba yana bakin zaure. Na durƙusa na ce akwai ɗan abin da ya rage, sai gobe. Ya kalli hannuna, ya ce, "To."

Gobe ta zo ba ta tashi ba, jibi ma haka. Na canza abin daidaita wutar da wani sabo. Na bi duk inda na ɗiga dalma na sake narkawa. Na cire sabon gilashin gaba ɗaya, don ko shi ke janye wuta, na kunna ba tare da shi ba. Ko motsi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na gyara wayoyin da suka faɗa rijiya, na tashi rediyon da ɓera ya yi gida a ciki, sai ga abin wasan yara ya tsaya min a wuya.

A cikin kwanakin nan ne iska ta canza. Zafi ya yi nauyi, hadari ya fara haɗuwa ta wajen dajin Kamuku yana watsewa. Wata rana na dawo cin abinci, mai ɗakina ta tare ni a ƙofar kicin ta yi ƙasa da murya.

Ta ce, "Baba ya sauke irin nan."

Na leƙa. Ƙusar saman ƙofarsa babu komai. Yana zaune a tsakar gida da faifai a gabansa, yana murza zangarniya da tafin hannu, ƙwayar dawa tana zuba. Ya yi shi a natse, yana hurawa, yana tsince marasa kyau. Fartanyarsa tana jingine da bango, bakinta yana ƙyalli, alamar ta je wurin maƙeri ta dawo. Mai ɗakina ta ce ya yi magana da wani ɗan ƙauyenmu mai babur, sun shirya da zarar ruwa ya sauka zai zo ya ɗauke shi.

Na je na tsuguna nesa da shi kaɗan. Na ce, "Baba, hanyar nan ba ta yi kyau ba har yanzu."

Ya ce, "Na tambaye ka?"

"Mutane suna cewa ko makon jiya an tare ta."

"Mutane suna cewa." Ya hure ƙaiƙayi daga tafinsa. "Iri in ya daɗe a rataye mutuwa yake yi. Wannan tun na kakanka ne."

Ba a ɗaga wa uba murya, ba a kulle shi a ɗaki. Na tashi na koma shago ko abincin ban ci ba.

Sai na yanke shawarar in janye duk abin da na yi. Na cire batirin waya da wayoyinsa, na mayar da tsohon gilashi, na nemo sababbin batura na sa mata. Ta koma yadda Baba ya miƙo min ita, sai dai ta fi tsabta. Na tura makunni ina da tabbaci. Ba ta tashi ba.

Nan kaina ya ɗaure. In aikina ne ya kashe ta, janye shi ya kamata ya tashe ta, sai fa in na ƙona wani abu, kuma na bi injin da hanci da ido ban ga alamar ƙuna ba. Malam ya biyo ta shagon da yamma, ya zauna a benci yana kallona ina juya ta. Bai san komai game da gyara ba, kuma bai yi kamar ya sani ba. Ya ce dai shi ma ya ga fartanyar, kuma in ana so zai je ya yi wa Baba magana. Na ce ya gwada, amma na san tsohon. A daren ranar aka yi ruwan farko, mai ƙarfi, har ya cika kwatoci.

Washegari na buɗe shago da wuri, ƙasa tana ƙamshi. Na cire murfin na riƙe injin tsirara a hannu, batura a jone, ina neman inda zan sa bakin mita. Don kada ya zame sai na danne kusurwar sama da babban yatsa. Jar fitilar ta ƙyafta.

Na ɗaga yatsa, ta mutu. Na mayar, ta kama. Na yi haka har na tabbata ba idona ba ne. Na jawo gilashin ƙara girma na duƙa a kan wurin. A gindin ƙafar makunni akwai tsaga siririya, ba ta kai kaurin gashi ba, ta ratsa hanyar da wuta ke bi ta shiga injin. In an danna sai bakin tsagar ya haɗu, in an saki ya rabu. Kuma ba sabuwa ba ce, cikinta ya yi baƙi da datti, burushina ma bai kai gare shi ba. Na'urar ta taɓa faɗuwa da wannan kusurwar, tun da daɗewa. Na zauna ina kallon wurin, sai na tuna abin da na tarar a kwance daidai nan ranar da na buɗe ta.

Gyaran kansa bai ɗauki lokaci ba. Na kankare gefe da gefen tsagar har jan ƙarfe ya fito, na ɗora silin waya na haɗa da dalma. Na mayar da sabon gilashi da batirin waya, na rufe. Na tura makunni, ta yi 'yar ƙararta, gilashin ya haskaka fes. Ga fadama, ga tudu, ga saniyar nan tsaye. Na ja ƙofar shago ko kwaɗo ban tsaya dubawa ba.

Na same shi a zaure, ya sa tsohuwar rigarsa ta gona. Irin yana ƙulle a buhun gishiri a gefensa, fartanya a kan cinya. Mai ɗakina tana tsaye daga ciki da kwanon koko da ya ƙi sha. Na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu.

Ya karɓa. Ya karkata ta wajen ƙofa yadda ya saba, sai ya ga ba ta bukata. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ko ciyawa ba ta fito ba."

Na ce ai in an kashe ta komai tsayawa yake yi.

Ya ce, "Na gani."

Na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, na tarar da totuwa a ciki."

Bai kalle ni ba. Ya juya wajen mai ɗakina, kamar ita ta yi tambayar, ya ce, "Bara ne, ana tsakiyar noma. Na yi gyangyaɗi ta suɓuce ta bugi dakali. Na kunna ta ƙi."

Mai ɗakina ta ce, "Ai da ka faɗa, Baba, da an gyara."

"Da na faɗa da ya kai ta shago ta kwana." Ya shafa kusurwar da yatsa. "Na ajiye ta na ce bari in ɗan taka. Ban san inda nake ba sai ga ni a tasha, har na sa ƙafa a mota. Sai na tuna yadda mai shagon nan yake zuwa nemana, ko takalmi ba ya tsayawa sawa daidai. Na sauko. Na dawo na yi ta matsa ta, na ga in na matse nan tana kamawa. Fartanya in ta yi sako-sako a ƙota ai cusa mata abu ake yi. Na ɓare kara daga jikin irin nan na cusa."

Sannan ya ƙara da cewa, "Ni na san ƙafata. In hannuna babu komai, tafiya take yi."

Duk tsawon lokacin nan ina ganin ni ne mai dabara, na samo abin da zan riƙe tsoho da shi bai sani ba. Ashe ya sani sarai, shi ma riƙe kansa yake yi da ita, saboda ni. Tausayinsa ya kama ni har idona ya ciko, na sunkuyar da kai don kada ya gani.

Ya ce wa mai ɗakina, "Tambaye shi ina totuwar."

Na ce na haɗa wurin da dalma, yanzu ba ta bukatar komai.

Ya ce, "A mayar."

Kararen zangarniyar da ya murje suna tare a gindin bango. Na ɗauko ɗaya na ɓare, na yanko totuwa daidai tsawon farce. Sukudireba tana aljihuna. A nan gabansa na kwance ƙusoshin, na kwantar da ita a kusurwar, nesa kaɗan da dalmar, na rufe. Ni da ke kwashe tsinken ashana daga rediyon mutane ina tsaki, ni na sa kara a cikin na'ura da hannuna, kuma na sa shi da kyau.

Muna nan muka ji ƙarar babur a ƙofar gida. Ɗan ƙauyenmu ya yi sallama ya leƙo, ya ce, "Baba, ƙasa ta sha ruwa, mu kama hanya tun rana ba ta yi ba."

Baba ya kalli buhun irin. Ya kalli hanya ta bakin ƙofa, ya daɗe. Sai ya tura buhun da ƙafa wajen mai ɗakina ya ce ta ɗibi kaɗan, a yi layi biyu a bayan gida jikin katanga don kada irin ya mutu, sauran a ba Malam ya shuka a filin bayan makaranta. Ya ɗauke fartanyar daga cinyarsa ya jingine ta da bango.

Ya ce wa mai babur, "Je ka, ɗana. In ka wuce ta gonata ka duba min ko tsamiyar nan tana nan."

Mai babur ya tafi. Baba ya jawo kwanon kokon ya sha, ya goge baki, ya tura makunni. Na ji daɗi ƙwarai da ya zauna, kuma na ji ciwo, don na ga abin da zaman ya ci masa. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa yana ba saniyar ciyawa, sannan ya gangara fadama ya fara shuka, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa zauren.